Taɓaryar Da Na Ƙi Ɗauka

"Ba zan ɗaura shi ba, Inna."

Inna ta tsaya cak a bakin ƙofar ɗakina, labule a kafaɗarta, hannunta riƙe da tsumman da ta ninke. Na gane atamfar. Tsohon zanenta ne mai hoton tsuntsaye, wanda ta goya ni da shi, ta goya ƙannena, har ya yi laushi kamar auduga. Ta yaga shi, ta wanke, har turaren wuta ta yi masa.

"Mi kika ce?"

"Na ce ba zan yi ƙunzugu ba, ba zan ƙi shan ruwa ba, taɓarya kuma ba zan ɗauka ba. Gidan Hajiya za ni, in gaishe ta, in yi duk aikin da zan iya. Amma ban da sussuka."

"Kulu, dube ni nan. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Ke kika haife ni, Inna."

"To ki buɗe kunnenki. Gobe kada ruwa ya ratsa maƙoshinki, ko kunu kada ki kurɓa. Ki ɗaura wanga, ki sa zane biyu, na sama baƙi. Ki tahi ki kama taɓarya ki nuna musu ɗiyar wa ce ke. Kafin azahar an watse. Mi ya yi zafi?"

"Madam Bilki ta hana."

"Madam Bilki!" Ta jefa tsumman bisa katifa ta tafa hannu. "Madam Bilki ce za ta aure ki? Ke kaɗai ce macen da ta haihu a Madarumfa? Duk wadda kika gani a gidan biki tana dariya tana matse cinya, kin ɗauka yanga take? Haka muka tarar, haka muke yi, ba wadda ta mutu. Ke don kin yi lakwal kin kwashi sirrinki kin kai Maraɗi kin shimfiɗa bisa tebur!"

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma na sunkuyar da kai na ci gaba da guge kallabina, har ta gaji da tsayuwa ta saki labulen.

'Yan uwa masu karatu, na san wanda ya tsinci labarina daga nan zai ce wace irin ɗiya ce wannan, mai ja da uwarta a kan daka. To ku gyara zama in mayar da ku baya.

Sunana Kulu. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bayan kasuwa. Mijina na fari, Haruna, ni na zaɓe shi da kaina, kuma bai taɓa ɓata mini rai ba. Mota ta kife da su a hanyar Ɗan Isa ina da tsohon ciki. Takabata ta ƙare ne ranar da na haihu.

Haihuwar fari ce, kun kuwa san yadda muke da kunyarta. Naƙuda ta kama ni a ɗakin Inna, na cusa bakin zane a haƙorana na yi gum. Na wuni, na kwana, ko uhum ban ce ba. Har yau in mata suka taru Inna sai ta ba da labarin: "Ɗiyata ko tari ba ta yi ba." Ni ma a lokacin kaina ya kumbura. Sai da ƙarfina ya ƙare aka nemo mota aka kai ni matanite, asibitin haihuwa. Allah ya sa yarinyar ta zo da rai, ƙatuwa, mai cika hannu. Aka sa mata Habiba.

Aka yi mini wankan jego yadda ya kamata. Ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa har na tsane shi, gasasshen nama da yaji. Inna ta ce ruwan zafi ba abin da ba ya mayarwa wurinsa. Ya mayar da da yawa, ban musa ba. Abu ɗaya ne bai mayar ba.

In na yi atishawa sai in ji ɗumi a cinyata. In na yi tari, haka. In na ɗaga bido, wato jarkar ruwa, haka. Na koma aiki, garin alli ya shige mini hanci a gaban yara, na tsaya jikin allo na kasa juyowa har aka buga ƙararrawa. Daga ranar duk zannuwana masu haske suka koma ƙasan akwati. Alwala ba ta kai ni ƙarshen salla, ina ruku'u zuciyata na wani wuri. Na daina zuwa gidan suna. Abin da ya fi ci mini rai, na daina dariya. In an yi abin ban dariya sai in cije leɓe in yi murmushi kamar amaryar da aka kawo jiya, mutane suna cewa Kulu har yanzu mutuwar miji ba ta sake ta ba.

Ni fa! Ni da a da ake jiyo dariyata daga zaure.

In ina son in tuna ko wace ce ni, garin Gabi nake tunawa, gidan kakata Inde, lokacin kaka. Damman gero jibge a bayan rumbu, turame a jere, 'yan mata mu uku a turmi ɗaya muna lugude. Ba a taɓa kayar da ni ba. In cilla taɓarya sama, in tafa hannu, in juya, in cafe ta ba tare da na ɓata kiɗan ba. Kaka Inde tana zaune bisa tabarma tana sakace, tana cewa, "Wagga ɗiya ba hannu gare ta ba, fiffike ne." In mun gama mu yi fari fat da ƙaiƙayi, mu ruga rijiya muna tsere. A kwaleji ma ni ke zuwa ta ɗaya a gudu, ba takalmi, siket a tattare.

Can a kwalejin na san Zakari. Siriri ne lokacin, da wani keke marar birki wanda yake tsayarwa da diddige. In an tashi sai ya rataya sak ɗina na littattafai a ƙahon keken, mu bi ta bakin tafki. Masunta suna jawo kwale-kwale, mata suna soya kifi a gindin kuka, mu sayi 'yan ƙanana a zuba mana yaji a takarda. Ya iya kwaikwayon mushenmu, wato malamin lissafi, yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa yana cewa "silansi", wato a yi shiru. In yi ta dariya har in zauna a ƙasa, balbelu su tashi daga bakin ruwa. Ya ce, "Kulu, ki rage, kina korar wa mutane kifi."

Na wuce lise, babbar sakandare, a Maraɗi, shi kuma ya tsallaka Najeriya neman kuɗi. Zumunci ya yi sanyi, rayuwa ta raba mu. Sai bara ya dawo ya buɗe butik a kasuwa, yana sayar da iri da taki ga masu lambu. Bai taɓa aure ba. Ranar da ya fara sallama a ƙofar gidanmu, ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma da ya ga na fito sai ya tura tabaran da ba shi da shi ya ce, "Silansi." Dariya ta ƙwace mini. Na koma cikin gida da gudu na sake zane.

Ban ɓoye masa ba. Da maganarmu ta yi nisa na gaya masa komai, idona a cikin nasa, domin ni ba a saye ni a rufe kamar kaza a kwando. Ya ce, "Ke nake so, Kulu. Jiki kuwa kowa da inda nasa ke yi masa gardama." Ranar na yi barci da murmushi.

Maganar Maraɗi kuwa, wata sajfam ce, ungozomar asibiti, ta buɗe mini hanya. Na kai Habiba awo, na ɗaga ta zan ɗora a sikeli, matar ta ga yadda na haɗe ƙafafu. Ta jira sauran mata suka fita ta ce, "Madam, tun yaushe?" Na ce tun yaushe me? Ta ce, "Ni ma na haihu." Ta rubuta mini takarda zuwa wurin kine, wato masu gyaran jiki ta hanyar motsa shi, ba da allura ko wuƙa ba.

Madam Bilki, kine ɗin da aka tura ni wurinta, gajera ce, mai faɗin fuska, bakinta ba ya shiru. Ranar farko na shiga ina ji da kaina, da bak ɗina, takardar gama lise, da Faransancina, na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Sauke ƙafar, Madam, nan duk wadda ta shigo ɗiyar aji ɗaya ce."

Ta tambaye ni ko na san ragaya. Na ce wace Bahausa ce ba ta san ragaya ba, igiyar da ake saƙawa a rataye ƙwaryar nono a ɗaka.

"To akwai irinta a ƙasan cikinki," in ji ta. "Ta nama ce. Ita ke tallabe da mafitsara da mahaifa da hanji, ita ke tsuke ƙofa in kin yi tari. Taki ta ɗauki kaya mai nauyi, aka daɗe ana ja, ta saki. Ba ta tsinke ba, ba kuma huda ba ce irin ta masu yoyon fitsari, wadda sai an ɗinke. Nama ne, nama kuwa in ana motsa shi yana dawowa."

Ta ja rido, wato labule, ta sa safar hannu, ta nemi izinina kafin ta duba ni. Na kafa wa silin ido ina jin kamar ƙasa ta tsage.

"Matse," ta ce.

Na matse iya ƙarfina.

"Wannan ɗuwawu ne. Ban tambaye shi ba. Sake."

Na sake.

"Yanzu kuma cinya ce, ga shi kin riƙe numfashi kamar mai nutso. Saurara. Kina zaune gaban surukai, falo ya yi tsit, sai ga tusa ta taho. Mi za ki yi?"

Na fashe da dariya a kan tebur ɗin, abin da nake tsoro ya faru, ita kuwa ko a jikinta. Ta miƙo mini tsumma mai tsabta ta ce, "To wancan wurin da za ki tsuke, shi nake nema. Tsuke, ki ja shi sama, kina numfashi. Sannan ki sake shi gaba ɗaya, sakin ma aiki ne."

Ranar da ƙyar ta ji motsi, kamar na ɗan tsako a cikin ƙwai. Na fito ina jin haushin kaina: ni da na yi fice a gudu, ga wata tsoka a jikina ban ma san hanyar gidanta ba.

Ta ɗora ni a kan aiki. Bayan kowace salla in kwanta ko in zauna in yi matsi da saki, wani dogo wani gajere. Kafin tari ko atishawa ko ɗaukar Habiba, in riga tsukewa. Ta ce kada in kuskura in rage shan ruwa, domin fitsari in ya yi kauri ƙara tsokanar mafitsara yake. In yawaita zogale da ganye kada in riƙa yunƙuri a bayan gida. A wurinta kuma akwai wata na'ura mai allo, in na matse sai wani layi ya hau sama, ina kallon ƙarfina da idona. Sannan ta kafa mini doka: ba daka, ba ɗora bido a ka, sai ta ce.

"Har abada?" na tambaya.

"Wa ya ce har abada? Mai karaya ma ana kwance masa ɗori. Amma ba ya shiga kokawa da karan a hannu."

Makonni suka shige ban ga komai ba. Ina aji yara na karatu, ni ina tsaye ina matsi da saki, ba wanda ya sani. Ina kan kabu-kabu, ina layin famfo, ina yi. Sai wata safiya ina shara ƙura ta sa ni atishawa, na tsaya ina jiran ɗumin nan. Shiru. Na shiga ɗaki na duba. A bushe! Wallahi 'yan uwa, ranar da sakamakon bak ya fito ban yi murna irin ta wannan safiya ba. Bayan nan na riƙe alwalar la'asar har na yi magariba da ita, na daɗe a zaune kan darduma ina hawaye.

Daɗin ya ruɗe ni. Aka yi suna a maƙwabta, aka rasa masu surfe, na ce ai na warke, na kama taɓarya. Kafin dare na koma gidan jiya, ga wani nauyi a marata kamar an rataya mini dutse. Madam Bilki ba ta yi mini faɗa ba. Ta nuna mini layin nan a allo, yadda ya sauko, ta ce, "Ga kuɗin surfenki." Don haka in na ce na san abin da sussuka za ta yi mini, ba a littafi na karanta ba.

To ana cikin haka Asabe, ƙanwar mahaifiyar Zakari, ta gan ni zaune a benci a barandar likita, wato asibiti. Ƙofar Madam Bilki kuwa ba ta da nisa da ɗakin da ake kwantar da matan da ke jiran ɗinkin yoyo. Kafin in iso tasha labari ya riga ni Madarumfa. Bazawarar da Zakari ya liƙe wa yoyo take, shi ya sa kullum cikin baƙin zane.

Hajiya, uwar Zakari, ba ta aiko a tambaye ni ba. Ba irinta ba ce. A gidansu kowace kaka ana gayyar sussuka, matan gida da na dangi da surukai su taru su sussuke geron da za a ci. Bana sai ta aiko har da ni, saura mako biyu manya su zauna sa rana. Kowa ya gane karatun. Za a ba ni turmi a tsakiyar fili, a zuba wa zanena ido, a duba ƙasar da na tsaya.

Bayan an sauko daga Juma'a wayata ta yi ƙara, saƙon Zakari ne ya shigo.

"Gimbiya, an ce kin ce ba za ki daka ba?"

"Labari ba ya kwana a garin nan. E, haka na ce."

"Ɗan lokaci kaɗan ne fa. Ki yi turmi ɗaya ki ce kanki na ciwo."

"Turmi ɗaya zai rushe mini aikin wata da watanni. Ka sani, na gaya maka."

"Na sani. Amma Hajiya ce. Ki yi saboda ni."

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Saboda ni. Da ya ce in taka daga nan zuwa Gabi a ƙasa saboda shi, da na ɗaura ɗamara.

"Zakari, in na ɗaura tsumma na ruɗe ta gobe, jibi fa? A gidanku zan zauna. Kullum zan riƙa kwana da ƙishirwa don kada uwarka ta gane?"

Sai ya turo bokal, saƙon murya. Muryarsa a ƙasa, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "Kulu, ke matsalarki komai sai kin yi shi a fili. Ni ban ce ki daina zuwa Maraɗi ba. Cewa na yi a rufe bakin mutane tukuna, in an ɗaura sai mu san yadda za mu yi. Hajiya ba ta son a ja da ita gaban jama'a. Don Allah."

Na saurara sau biyu. Na rubuta, "Zan zo. Ba zan yi mata rashin kunya ba, ba kuma zan yi mata ƙarya ba." Na kife wayar.

Da safe na buɗe ƙasan akwati na ciro atamfata ruwan ƙwai mai ɗigon fari, wadda rabona da ita tun kafin haihuwa. Ɗinkin ya ɗan kama ni a ƙirji. Na ɗaura kallabi, na yafa farin mayafi, na sa kwalli. Na fito tsakar gida na sha kununa, na cika moɗa da ruwan randa na shanye. Inna na zaune bakin murhu da Habiba a cinya, tana kallona.

"Ruwan ƙwai," ta ce a hankali. "Kulu, ke ba ki tsoron Allah ya kunyata ki?"

"Ki yi mini addu'a, Inna."

Ta kau da kai. Na ɗauki faifai da ƙwarya na fita.

Tun daga lungu nake jiyo lugude. Ƙafafuna da kansu suka sake taku suna bin kiɗan. Na yi sallama na shiga. Fili ya cika da mata, turame a jere a inuwar dogon yaro, zangarniya jibge, ƙaiƙayi na yawo a iska kamar hayaƙi. Taɓare suka rage sauri. Hajiya na zaune bisa kujera 'yar tsugunno, da carbi da goro a gefe. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lahiya lau. Madam ce da kanta? Wanga ado haka, ko ofis za a wuce?"

Mata suka yi dariya. Kafin in ba da amsa ƙaiƙayi ya shige mini hanci. Na ji atishawa tafe, na riga ta tsukewa. Atishawa uku a jere, masu ƙarfi, ina durƙushe. Wurin ya yi tsit. Na miƙe a hankali, na juya na ajiye ƙwaryata yadda kowa zai ga bayan zanena. Ba komai. A zuciyata na ce, Madam Bilki, Allah ya biya ki.

Na zaci shi ke nan. Sai Hajiya ta ce, "Asabe, miƙo mata waccan."

Asabe ta kawo wata taɓarya baƙa, doguwa, tsakiyarta ta sha hannu har tana sheƙi.

"Ta uwar mijina ce," in ji Hajiya. "Duk macen da ta shigo gidan nan da ita ta fara. An ce a Gabi ba a kayar da ke. Nuna mana."

Aka matsa aka bar mini turmi a tsakiya, an riga an cika shi. Matan yayyen Zakari biyu suka tsaya a gefensa, suka fara bugawa a hankali, suna bar mini gurbina a cikin kiɗan. Duk bugu biyu sai a ji wani ɗan shiru, nawa ne, ni yake jira. Tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na ga Kaka Inde a tabarmarta. Na san da na kama taɓaryar nan, sai na cilla ta sama ta wuce reshen dogon yaro, sai matan nan sun yi guɗa, sai labari ya kai wa Zakari a butik kafin in sauke numfashi. Hannuna har ya ɗaga.

Na mayar da shi na riƙe bakin mayafina.

"Hajiya, ki gafarce ni. An hana ni daka yanzu. Ga faifaina, duk sheƙar yau ki bar mini, har yamma."

"An hana ki. Wa?"

"Mai yi mini magani a Maraɗi."

"Ciwon mi?"

Na dubi matan. Na ce a raina, tunda a fili aka shirya mini, a fili zan amsa.

"Naman da ke riƙe mara ne ya saki tun haihuwata. In na yi tari ko na ɗauki nauyi fitsari na zubo mini. Ana koya mini yadda zan ƙarfafa shi, kuma na samu sauƙi sosai. Ba yoyo ba ne. Ko da shi ne ma, waɗanda ya sama ba su suka saya ba. In na gama zan daka miki duk geron da ke rumbun nan."

Wata ta ce, "Innalillahi." Wata ta rufe baki da mayafi. Asabe ta jingine taɓaryar ta ce, "Karatu dai bai yi rana ba."

Hajiya ta ajiye carbinta. "A gabana, a gaban surukaina da jikokina, kike kiran mara da fitsari?"

"Tambayata kika yi, Hajiya."

"Na haifi tara. Wa ya taɓa jin abin da ke ƙarƙashin zanena? Mace sirri ce. Wadda ba ta iya rufe nata ba, na ɗana za ta rufe?" Ta nuna faifan da haɓa. "Ɗauki kayanki. Tunda marar lahiya ce ke, tahi gida ki huta. Gidana ba likita ba ne."

Na sake durƙusawa na ce, "Na gode, Hajiya. A tashi lafiya." Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam ina alfahari da shi.

Kafin in kai zaure lugude ya ci gaba. Na waiga sau ɗaya. Idona ya buɗe yanzu, ina ganin abin da a da ba na gani: wadda ke haɗe gwiwa duk sa'ad da ta ɗaga taɓarya, wadda ta zame ta bi bayan rumbu, randar ruwa cike a inuwa ba mai kusantarta duk da zafin nan. Kusan duk zannuwan da ke filin masu duhu ne. Har na Asabe.

Ban bi ta kasuwa ba. Na zaga ta bakin tafki, na zauna a gindin kukar nan. Masu soya kifin wasu ne yanzu, ba wadda ta san ni. A nan na yi kukana, na share fuska, na tafi gida.

Bayan la'asar Malam Yusuf, kawun Zakari, ya yi sallama da Baba. Ba su daɗe a zaure ba. Baba ya shigo yana kaɗa hularsa a gwiwa, bai dube ni ba, ya ce wa Inna an ɗaga maganar sa rana, sai Allah ya nuna lafiya. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ma'anar wannan. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Na kai mata tuwo, ta ce in ajiye a ƙofa.

Na ɗauki waya. Zakari yana kan layi. A saman allon na ga "yana rubutu". Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, har na zauna bakin gado na dafe ƙirji. Ya sake tsayawa. Sai ya sauka daga layin, ko harafi ɗaya bai iso ba. Har yanzu da nake ba ku labarin nan bai iso ba.

Kada wata ta ce muku tsayawa a kan gaskiyar jikinki kyauta ne. Ni dai a wuni ɗaya ya ci mini ranar aurena, ya sa uwata ta daina amsa gaisuwata, ya mayar da sunana abin taunawa a bakin famfo, kuma wataƙila ya raba ni da mutumin da nake so tun yana tsayar da keke da diddige. Ranar Talata ina da randebu, ranar da aka ba ni in koma wurin Madam Bilki, kuma motar farko zan shiga.